Warƙa ta Talatin da Biyu

Shekara shida na yi ina gyaran madogara da manazarta a mujallar falsafa ta sashenmu, kuma ba don na fi kowa iyawa aka ba ni aikin ba. Ni ne ƙarami a cikin malaman sashen, ni ne kuma wanda bai iya cewa a'a ba. Aikin shi ne in bi duk maƙalar da aka amince za a buga, in tabbatar kowace magana da marubuci ya ɗauko daga wani littafi ya faɗi inda ya ɗauko ta: mai littafin, shekara da shafi, a cikin baka biyu. A ƙarshen maƙala kuma a jero littattafan bi da bi, sunan mahaifin marubuci a gaba, sunan littafi a karkace, sai garin da aka buga shi da maɗaba'ar. Waƙafi yana da wurinsa, aya tana da nata. Da farko na raina aikin, daga baya ya shiga jikina har na zama abin tsokana. Abokan aikina kan ce ko katin ɗaurin aure aka miƙo mini sai na tambayi lambar shafi. Ban taɓa musawa ba, don na san na mayar wa wani farfesa maƙalarsa har sau uku a kan shekarar bugu guda ɗaya, ya yi wata guda yana amsa gaisuwata ciki-ciki.

A wata bazara aka kawo mini maƙalar wani dakta na sashenmu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ɗan gidan malamai ne na cikin garin Sakkwato, ni kuwa ɗan manomi ne da boko ta ɗauko daga gonar gero. Larabcina na makarantar allo ne da ɗan abin da na tsinta daga baya, ina karantawa ne da ƙyar ina tuntuɓe. Maƙalar tasa a kan wani ɗan littafin manɗiƙi ce, wato ilimin auna hujja, wanda kakansa ya wallafa da hannunsa, ba a kuma taɓa buga shi ba. Wuri goma sha ɗaya ya ɗauko maganar kakan, kuma a duk wuraren abin da ya sa cikin baka biyu shi ne "littafin kakanmu". Babu shekara, babu shafi. Mai tantancewa na waje ya yaba maƙalar, amma ya ce sai an nuna warƙar da kowace magana take. Babban editanmu ya ajiye mini ita a kan tebur, ya ce mako mai zuwa za a kai mujalla maɗaba'a. Daktan kuwa a lokacin yana ƙasar waje wurin bincike.

Na kira shi a waya, ya yi dariya. Ya ce littafin ba shi da lambar shafi ko ɗaya, a gaban mahaifinsu ya karance shi, maganganun kuma daga wani tsohon littafinsa na rubutu ya kwaso su, wanda ya kwafa shekarun baya. Ya ce asalin yana hannun yayansa, wanda ya gaji zauren gidansu, zai kuma kira shi ya gaya masa ina tafe.

Ranar Laraba da hantsi na hau babur daga Runjin Sambo na shiga cikin gari. Na tarar da zauren cike da magidanta, kowa da littafinsa a cinya yana jiran a zo kansa. Malam, yayan daktan, dattijo ne siriri, ya haura saba'in, ciwon yana ya rufe masa idanu har ba ya rarrabe baƙi. Da ka yake ba da karatu, ɗalibi ya karanto, shi ya fassara ya gyara. Da muka gaisa sai ya miƙa hannu bayansa ba tare da ya waiwaya ba, ya jawo wata gafaka, jakar fata ta littafi, da ta yi baƙi don tsufa, ya ce in nemi wuri a nan kusa da ƙofa inda haske yake, in duba abin da zan duba.

A nan na yi wautar farko. Na ce masa ƙamus ɗina da kwamfuta suna ofis, aikin kuma zai ɗauki sa'o'i, ya bari in tafi da littafin can. Hakan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Kunya nake ji in zauna a gaban mutanen da ke shan Larabci kamar ruwa, ina bin sadara da yatsa ina motsa baki, ga shi an gabatar da ni a matsayin malamin jami'a. Ina rufe baki na so in janye maganar. Malam ya ce ba ya son a ɗauki hoton littafin, don an taɓa yi wa wani littafin gidan haka, daga baya suka gan shi a kasuwa cike da kurakurai. Ya ce kada alƙalami ya taɓa shi. Sannan ya ɗora gafakar a hannuna biyu.

"Tun da kakanmu yar rubuta littahin ga bai taɓa kwana waje ba," in ji shi. "Ka maido shi kahin magariba."

"In sha Allahu, Allah shi gafarta Malam," na ce.

Ofishin mujallar ɗaki ne ƙarami a ƙarshen baranda, da tebur babba, da kabad biyu na ƙarfe, da tarin tsofaffin mujallun da ba a sayar ba. Kwana uku ke nan babu wuta a ɓangarenmu. Zafin ranar irin wanda ke sa mutum ya ji haushin rigarsa ne, saboda haka na bar ƙofa a buɗe, na wangale taga. Na wanke hannu, na goge tebur, na kwance igiyar gafakar. Irin littattafan nan ba a ɗinke su, warƙoƙi ne sake-sake a tsakanin kwali biyu da aka lulluɓe da fata. Takardar ta yi ja-ja, gefenta ya lanƙwashe, ta yi laushi da shafar hannu. Rubutun da baƙar tawada ne, kanun babi da ja, ga ƙananan bayanai a gefe da wasu hannuwa daban.

Maimakon in fara ƙidaya su gaba ɗaya, sai na yi yadda na saba yi da shafukan mujalla in sun dawo daga maɗaba'a. Na riƙa ɗauko warƙa ɗaya-ɗaya ina shimfiɗawa a jere a kan tebur, ina yanko 'yar takarda in rubuta lamba in ajiye a gefenta, tunda an hana ni rubutu a jiki. In na ci karo da ɗaya daga cikin maganganun daktan, sai in shigar da lambar warƙar a kwamfuta, wadda ke ta kukan cajinta ya kusa ƙarewa. Zuwa azahar na kai warƙa ta ashirin da uku, na samo magana shida. Har na fara jin daɗin kaina. Ragowar warƙoƙin suna gefe a tare, ban ɗora musu komai ba.

A wurinmu in an ɗauke wuta ba wanda ke kashe makunni. Barin su ake yi a kunne, don da zarar an kawo a sani. Fankar sama ta ofishin nan tsohuwa ce mai ƙarfin tsiya, kuma tun da maɓallin rage gudunta ya lalace aka haɗa ta kai-tsaye, ba ta san a hankali ba. Na sunkuya ina neman wata kalma a ƙamus sai na ji ƙarar tashinta a bisa kaina. Kafin in gane abin da ke faruwa iska ta daki teburin. Na faɗa a kansa da ƙirjina da hannuwana, na danne abin da na danne, sauran suka tashi. Ina kallon takardun da suka girmi mahaifina suna yawo a ɗaki, wasu suna bugun bango, wasu sun nufi ƙofa. In na tashi in kashe fanka waɗanda na danne za su tashi, in na zauna sauran za su fice. Na tattaro na ƙarƙashina na rungume, na ruga na kashe makunnin da gwiwar hannu.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Na zauna a ƙasa ina salati. Sai da fankar ta tsaya cak sannan na fara rarrafe ina tsinta. Na samo wasu a ƙarƙashin tebur, wasu a kan tarin mujallu, uku a baranda, ɗaya ta maƙale a ƙarfen taga rabinta a waje. Da na ciro wannan ta tagar sai na gane cewa wata ma tana iya ficewa. Na rufe ƙofa da taga, na zauna a cikin zafin nan na ƙidaya. Arba'in da shida. Na sake ƙidayawa, arba'in da shida. Sai a lokacin na tuna ban san ko nawa ne na karɓo ba.

'Yan takardun lambobina duk sun watse, ba su da sauran amfani. Abin da ya taimake ni wata dabara ce ta masu rubutun dā. A ƙasan bayan kowace warƙa, can a kusurwa, sukan rubuta kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita, don ko littafi ya hargitse a iya mayar da shi. Na samo warƙar farko mai bisimilla, na duba kalmar kusurwa, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya har na ga wadda ta fara da ita. Na ɗora, na danne da ƙamus. Haka na yi ta yi, gumi na zuba, ina kau da fuska gefe kada ya ɗiga a kan tawada. Duk warƙar da ta dace sai in ji kamar an sassauta mini igiya a wuya. Na wuce ashirin, na wuce talatin.

A ta talatin da ɗaya abin ya tsaya. Kalmar da ke kusurwarta babu warƙar da ta fara da ita. Na bi goma sha biyar ɗin da suka rage sau uku, ina gaya wa kaina raunin Larabcina ne. Na koma ta ƙarshen littafin na jero su da baya-baya, duk suka bi juna lafiya lau har suka ƙare, amma ta farkonsu ba ta haɗu da ta talatin da ɗaya ba. Jimlar da ta fara a can ba ita ta ƙare a nan ba. Akwai warƙa a tsakani, kuma ba ta cikin ɗakin.

Na yi wa kaina wata 'yar ƙarya mai sanyi, na ce watakila ta daɗe da ɓata, tsohon littafi ne. Don in tabbatar sai na ɗauko maƙalar na ci gaba da neman maganganun da suka rage. Na samo huɗu, suka zama goma. Ta goma sha ɗaya, wadda daktan ya gina rabin hujjarsa a kanta, ba ta cikin kowace warƙa da ke gabana. Ashe lokacin da ya kwafa tana nan.

Na janye kabad biyun nan ni kaɗai, abin da a ranar lafiya sai mutum uku. Na rushe tarin mujallu na kakkaɓe su ɗaya-ɗaya. Na fita na zaga bayan ginin, inda busasshiyar ciyawa take da kwata. Awakin ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu sukan shigo kiwo nan, na kuwa hango wata akuya a gindin dogon yaro tana tauna farin abu. Na bi ta da gudu, ni da babbar riga da hula, har na kama ta na buɗe bakinta da ƙarfi. Guntun jadawalin jarrabawa ne. Wasu ɗalibai mata biyu da ke wucewa suka tsaya suna kallona, suka gaishe ni a ladabce, suka yi gaba suna ƙunshe dariya. Ban damu ba. Awakin sun fi goma, kuma ban san abin da sauran suka riga suka haɗiye ba.

Da aka kira la'asar na daina nema. Na yi sallar da ban san abin da na karanta a cikinta ba, na mayar da warƙoƙin cikin kwalinsu, na ɗaure gafaka, na sa ta cikin rigata ta ciki na hau babur. A hanya shaiɗan ya zauna a bayana yana ba ni shawara. Malam ba ya gani. Ba zai ƙidaya ba. Ko an gano, sai bayan shekaru, kuma wa zai ce ni ne? Maganar ta goma sha ɗaya kuwa sai in ba ta lambar talatin da biyu in yi shiru, babu mai tantancewar da zai zo Sakkwato ya duba. Ba zan ɓoye ba, shawarar ta shige ni, har na tsara yadda zan yi godiya in fito. A cunkoson Gidan Igwai wani mai keke ya kusa goge ni, ban ko ɗaga kai ba, ni da na saba sai na tanka. Abin da na fi tsoro ba faɗa ba ne. Tsoro nake ji a ce ga ɗan ƙauyen da aka ba amanar gidan malamai yini ɗaya ya kasa riƙewa, kuma maganar ta zama gaskiya.

Na tarar ɗalibai sun watse, Malam shi kaɗai a kan buzunsa yana jan carbi. Na durƙusa na miƙa masa gafakar. Ya karɓa, ya sa mini albarka, ya juya zai mayar da ita bayansa. Ganin yadda ya karɓa ba tare da ko shafawa ba shi ya karya ni. Da ya tuhume ni, ina jin da na iya yin ƙarya. Na ce ina da magana, na kuma faɗa masa komai, tun daga shimfiɗa warƙoƙi har akuya.

Ya dawo da gafakar gabansa. Ya kwance igiyar, ya ɗora tafin hannunsa a kan warƙoƙin.

"Nawa kas samu?"

"Arba'in da shida, Allah shi gafarta Malam. Nawa ne asali?"

"Ban sani ba, ɗana. Mu ba mu ƙidaya su, karanta su mukai." Ya miƙo mini littafin. "Karanto min inda taƙ ƙare."

Na nemo ta talatin da ɗaya, na karanta sadarar ƙarshe da tuntuɓena, ya gyara mini wasali biyu. Sannan ya ɗora daga inda na tsaya, da ka, kamar littafin na buɗe a gabansa. Na ji wani sanyi ya sauko mini tun daga kai. Ya tsaya, ya lalubo farar takarda da kurtun tawada da alƙalamin kara daga gefensa, ya ce a gidan nan in warƙa ta lalace sabuwa ake rubutawa a mayar, kuma wanda ta lalace a hannunsa shi ke rubutawa. Rabona da alƙalamin kara tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Na gyara zama a bakin ƙofa, yana faɗa a hankali ina rubutawa da mummunan hannuna. Muka cika fuskar farko, na juya. Maganar daktan ta goma sha ɗaya ta fito a sadara ta biyu, harafi da harafi yadda ya kawo ta. Na fara ganin kamar Allah ya rufa mini asiri.

Sadara biyu bayan nan Malam ya yi shiru. Na ɗaga alƙalami ina jira. Ya koma baya kaɗan ya taho da sauri, yadda mai hadda ke yi don harshe ya ja shi, ya zo daidai wurin ya tsaya. Ya koma tun farkon warƙar, yana kaɗa kai yana buga yatsa a gwiwa, ya sake tsayawa a kan kalmar nan. Sau huɗu yana yi. Leɓɓansa suna motsi babu abin da ke fita. Can sai ya kamo maganar daga ƙasa, ya zarce har ƙarshe, ta haɗu da warƙa ta gaba daidai. Amma tsakiyar ba ta zo ba.

"Bar wuri," in ji shi. "Sadara ukku, ko huɗu."

Na bar wurin, na rubuta sauran. Ina rubutu hawaye na zuba, ina tare su da hannun riga. Ya ce in sa a gefe cewa wannan warƙa maye ce, an rubuta ta daga bakinsa bayan asalin ya ɓata, kuma akwai giɓi. Bai ce in rubuta a hannun wa ta ɓata ba, ni na ƙara wannan. Da na gama na ba shi haƙuri, ya ce Allah ya riga ya ƙaddara, ya kuma yafe. Sannan ya faɗi abin da har yau yake damuna, ba da faɗa ba, kamar da kansa yake magana.

"Na san wurin ga ya daɗe da kwance min. Ban damu ba, don na san tana nan cikin gahwaka."

Aka kira magariba, na kama hannunsa muka fita masallaci.

Mujallar ta fito a kan lokaci. A manazarta na sa littafin a matsayin rubutun hannu da ke ajiye a gidan zuriyar mawallafin, warƙa arba'in da bakwai, ta talatin da biyu maye ce kuma da giɓi. Babban edita ya ce ƙa'idarmu ba ta tanadi irin wannan dogon bayani ba, na ce a bar shi haka, ya dube ni ya bari. Da na gaya wa daktan, ya duba tsohon littafinsa na rubutu, ya ce jimlar nan ɗaya kawai ya kwafa daga warƙar. An tambayi tsofaffin ɗaliban mahaifinsu biyu da suka rage, ɗaya bai karanci littafin ba, ɗayan ya ce ya san ma'anar wurin amma ba zai yi wa mawallafi ƙagen lafazi ba.

Na ci gaba da zuwa gaishe da Malam duk bayan mako biyu ko uku. Bai taɓa sauya mini fuska ba. In ya ji muryata sai ya amsa sallama, ya tambayi iyali da aiki, ni kuma in kasa tambayar abin da ya kawo ni, wato ko ya tuno sadarorin nan. Shi yake sauƙaƙa mini, in na tashi tafiya ya ce, "Ba su dawo ba tukuna, ɗana." Haka muka yi shekara biyu da 'yan watanni. Ran da na je na ƙarshe yana kwance a ɗaki, jikin ya yi nauyi, aka ce ba ya gane mutane sosai. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna, na ji yana karanto farkon warƙar nan ƙasa-ƙasa. Na kasa kunne, na daina ko numfashi, har ya zo wurin ya tsaya. Bayan kwana tara aka yi jana'izarsa.